Waɗanda Aka Haifa Ɗaya ga Janairu

Usaid Bappayo mutum ne da Allah ya ba shi basira, sai dai ba ya barin kowa ya manta da hakan ko na minti ɗaya. A Jimeta, in ana lissafa masu gina shafukan intanet, ba za a kai mutum uku ba a ambace shi ba. Yana da ɗan ofis kusa da Shagari Low Cost, da wata kujera mai juyawa da yake ji da ita fiye da motarsa. Aibinsa biyu ne, kuma tare suke tafiya: gaggawa, da raina shawarar wanda bai kai shi karatu ba. In kana yi masa bayani, tun ba ka kai rabi ba zai ce, “Na gane, na gane,” alhali ko hanyar ganewa bai kama ba. Duk shafin da ya gina kuwa, sai ya rubuta sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Aikin da ya ja masa kunyar da bai taɓa ji ba a rayuwarsa ya samo asali ne tun shekarar 2014. Lokacin da 'yan tada ƙayar baya suka shiga Mubi, jama'a suka kwararo Yola, wasu a manyan motoci, wasu a ƙafa. Waɗansu malaman makaranta, Musulmi da Kirista, suka kafa 'yar ƙungiya suna rubuta sunan duk wanda ya iso, don a haɗa wanda ya ɓata da danginsa. Wadda ta riƙe biro tun ranar farko ita ce Madam Liyatu Zadok, malamar firamare da yanzu ta yi ritaya. Daga baya ƙungiyar ta koya wa mutane sana'a, ta ba su takardar shaida. Waɗanda kuma aka taɓa tsarewa a daji, Madam Liyatu kan zauna da su ita kaɗai, su ba ta labarinsu ta rubuta, bisa alkawarin ba mai ji. Takardun suna cikin wani akwatin ƙarfe, makullinsa a ɗaure a gefen zaninta.

Bayan shekara goma ƙungiyar ta mayar da takardun cikin kwamfuta. Aka ga ya kamata kowa ya samu asusunsa a shafin ƙungiyar, ya riƙa shiga da wayarsa yana ciro takardar shaidarsa ba sai ya biya keke zuwa ofis ba. Usaid aka ba aikin gina ƙofar shigar, da tsara wa zai ga me.

Ya zo ofishinsu wata Talata da rana tsaka, zafin Yola na dukan kwano. Ya buɗe kwamfutarsa a gaban Madam Liyatu yana murmushin wanda ya riga ya gama aiki.

“Madam, na sauƙaƙa musu. Mutanen nan ba za su iya riƙe faswod ba, wato kalmar sirri. Kowa ya rubuta cikakken sunansa, ya sa ranar haihuwarsa, shi ke nan ya shiga.”

Madam Liyatu ta gyara tabarau. “Ɗana, ranar haihuwa ka ce?”

“Ita ce mutum ba ya mantawa.”

“To ai rabin mutanen nan ɗaya ga Janairu aka haife su. Da hannuna na rubuta. Mutum ya iso ƙafa duk ta kumbura, ba takarda ba komai, ka tambaye shi yaushe aka haife ka, ya ce da damina. Layi kuma har bakin titi. Sai mu sa masa ɗaya ga Janairu, mu dubi fuskarsa mu zaɓa masa shekara mai sifili a ƙarshe. Sunaye kuma ka san namu, Buba da Bappa da Hamman sun fi ƙarfin ƙirga.”

“Na gane, na gane,” in ji Usaid. “Amma a lissafi, Madam, a samu mutum biyu suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, wannan sai an tona.”

“Ni ban san lissafinku ba, na san mutanena. Ka ba kowa lambarsa dabam, mu rubuta a kati mu damƙa masa hannu da hannu. Sannan labaran da suka ba ni a ɓoye, kada su fito a wurin nan. Wannan nawa ne ni da su.”

“Ƙaramin abu ne, zan raba su.”

Haka ya faɗa, kuma bai raba ba. Yin kati ga mutum sama da dubu zai ci mako biyu, bikin buɗe shafin kuwa saura kwana biyar, har an ce 'yan jarida za su zo. Usaid ya riga ya ba da ɗinkin sabuwar shadda saboda ranar. Ya ce wa kansa in an gama biki zai gyara. A hanyarsa ta komawa har yana dariya shi kaɗai, wai tsohuwar da ke danna waya da yatsa ɗaya ce za ta koya masa tsaro. Labaran da ke cikin takardun kuwa ko ɗaya bai buɗe ya karanta ba. A wurinsa layuka ne kawai a cikin kwamfuta.

Aka yi biki, aka tafa masa, ya ɗauki hotuna. Mako ya wuce, wata ya wuce, wani aikin ya shigo, maganar gyara ta bi ruwa.

A nan dole a ambaci wani bawan Allah, Malam Abdulhakeem Buba. Direban motar makarantar da Nahla, 'yar Usaid mai shekara shida, take zuwa ne. Shekara bakwai yana wannan aiki, ko tsinke bai taɓa bugewa ba. Mutum ne marar yawan magana, ba ya tayar da mota sai ya ga kowane yaro ya zauna, kuma ba ya barin ƙofar gida sai ya ga an karɓi yaron. Yara suna kiransa Bappa Direba. Kullum da safe shi da Usaid sukan gaisa ta tagar mota, iyakar abin da Usaid ya sani game da shi ke nan. Bai san cewa a 2014 an tare direban a hanyar Mubi da motarsa ba, aka ɗora masa bindiga a wuya, ya yi wata biyar yana jigilar kayan mutanen daji kafin Allah ya ba shi sa'ar gudu. Hukuma ta bincike shi ta sallame shi. Duk Jimeta, ban da matarsa, Madam Liyatu kaɗai ya gaya wa.

Akwai kuma wani Abdulhakeem Buba dabam, kafinta, wanda shi ma ta Mubi ya zo. Ranar nan ana neman takardar shaidarsa a wani wurin aiki, sai ya je shagon kwamfuta na wani mai suna Danny a cikin kasuwa don a ciro masa. Danny ya tambayi sunansa ya rubuta. Ya tambayi ranar haihuwa, kafinta ya ce abin da aka sa masa: ɗaya ga Janairu, 1980. Shafin ya duba, ya tarar da mutum biyu, sai ya buɗe na farkon da ya ci karo da shi. Hoton Bappa Direba ya fito, a ƙarƙashinsa labarin wata biyar ɗin nan, kalma bayan kalma. Shagon cike yake da mutane, kuma wani daga cikinsu ya ɗaga waya ya ɗauka.

Da la'asar Usaid yana kishingiɗe a gida, matarsa Yusrah ta shigo da waya a hannu.

“Baban Nahla, dubi abin da aka sa a guruf ɗin iyayen makaranta. Ashe mutumin da muke ba 'yarmu kullum ɗan daji ne.”

Usaid ya karɓa. Kafin ya karanta kalma ɗaya ya gane launin shafin, koren da ya ɓata yini guda yana zaɓa. Ya ja hoton ƙasa. Ga sunansa nan ɓaro-ɓaro da manyan baƙaƙe. Saƙonni kuwa sai shigowa suke yi: wannan ya ce a kori direban yau, wancan ya ce a kira sojoji, wata ta ce ita dama ba ta yarda da shirunsa ba. Babu wanda ya kula da layin da ya ce tilasta shi aka yi, balle wanda ya ce an bincike shi an wanke shi.

Usaid ya rufe shafin nan take, amma hoto ya riga ya zaga gari. Washegari shugaban makarantar ya karɓe makullin mota daga hannun Malam Abdulhakeem. Ya ce shi bai zarge shi da komai ba, amma iyaye sun ce ko shi ko 'ya'yansu.

Usaid ya tafi ofishin ƙungiyar da ƙaryarsa a shirye. Ya tarar da Madam Liyatu ita kaɗai, akwatin ƙarfen nan a gefenta.

“Madam, masu kutse ne. Ƙwararru ne sosai, wataƙila ma daga waje...”

Ta jawo tsohuwar rajista, ta buɗe shafi biyu, ta ɗora yatsa a kan kowanne. Abdulhakeem Buba, ɗaya ga Janairu, 1980. Abdulhakeem Buba, ɗaya ga Janairu, 1980. Duk da rubutun hannunta.

“Kafintan ya zo nan da safe yana kuka,” in ji ta. “Shi ne ƙwararren naka daga waje. Ko sunansa ba ya iya rubutawa.”

Usaid ya sunkuyar da kai. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

“Shekara goma makullin nan yana jikina, har coci da shi nake zuwa. Na ba ka na wata biyu.” Ta rufe rajistar. “Ni ma ina da laifi, da na yarda da bakinka ban duba ba. Amma ba ni za ka ba haƙuri ba. Direban yana unguwar Demsawo, bayan injin niƙa.”

Kwana biyu Usaid yana ɗaukar makullin mota yana ajiyewa. A rana ta uku ya tafi. Ya tarar da a-kori-kura a ƙofar gidan, an ɗora katifa da tukwane da keken ɗinkin matar gidan. An fasa gilashin taga ɗaya. Mai gidan haya ya ba su kwana uku su tashi. Maƙwabta suna leƙe ta katanga, ba wanda ya fito ya kama musu ko da buhu. Malam Abdulhakeem yana ɗaure kaya da igiya, ya ɗago ya gan shi.

“A'a, Baban Nahla. Jam na? Ya 'yata?”

Wannan gaisuwa ta fi mari zafi. Usaid ya durƙusa a cikin ƙasa, shaddarsa da komai.

“Bappa, ni ne. Ni na gina shafin. An gargaɗe ni ban ji ba. Ka yafe mini don Allah. Zan je makarantar, zan gaya wa iyaye gaskiya, zan rubuta a guruf...”

“Gaskiyan ai shi suka karanta,” in ji Malam Abdulhakeem a hankali. “Ba ƙarya a ciki. Na tuƙa musu mota. In ka rubuta, za ka iya cire shi daga kansu?”

Malam Abdulhakeem ya dube shi a durƙushe cikin ƙasa.

“Tashi, kada ka ɓata kayanka. Na yafe maka, Allah ya yafe mana duka.” Ya ja igiya ya ƙulle. Sai ya tsaya kamar mai tunani. “Abu ɗaya ne yake ba ni mamaki. An ce da ranan haihuwana aka buɗe. Ni ba a haife ni a Janairu ba. Innata ta ce da damina ne, ana shuka gyaɗa. Da wani ya tambaye ni, da na faɗa masa.”

Ya shiga gaban mota kusa da matarsa da 'ya'yansa. Bai faɗi inda za su ba, Usaid kuma bai ga yana da fuskar tambaya ba. Ya tsaya a wurin har motar ta sha kwana.

Duk da haka ya rubuta a guruf ɗin iyaye, ya faɗi laifinsa da sunansa. Mutum huɗu suka amsa, biyu daga ciki zaginsa suka yi. Ya koma ya rushe ƙofar shigar gaba ɗaya ya sake ginawa: kowa da lambarsa a kati, kowa ya zaɓi kalmar sirrinsa da kansa, labaran sirri kuma aka cire su daga intanet aka mayar da su akwatin Madam Liyatu. Shi ya zauna a benci yana miƙa katunan, yana tambayar kowa sunansa da garinsu. Aikin ya ci kwana goma sha biyu cif. Da ya gama, ya goge sunansa daga ƙasan shafin.

Ranar Litinin sabon direba ya zo, ya danna ham tun daga nesa. Nahla ta leƙa ta ga baƙuwar fuska, ta riƙe rigar ubanta.

“Abba, ina Bappa Direba? Ya ce yau ni zan zauna a gaba.”

Usaid ya kama hannunta. Ya ɗora ta a mota, ya koma ciki ya rufe ƙofa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba aikin tsare ƙofa, sirrin mutane aka damƙa masa, kuma bayan kowane layi a kwamfuta akwai mutum mai iyali da mutunci. Ilimi ba ya cika sai an haɗa shi da sauraron waɗanda suka san jama'ar da ake yi wa aikin, ko da da yatsa ɗaya suke danna waya. Kada ka ce za ka gyara bayan biki, domin shafi yana gyaruwa, amma asirin da ya tonu ba ya komawa akwati. Kwana goma sha biyun da Usaid ya ƙi bayarwa a kan lokaci, su suka rushe wa wani zaman lafiyar da ya yi shekara goma yana ginawa.