Gayan Tuwon Nafi'u

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da asibiti ɗaya ne tak a duk lardin, sunansa Haladu. Ba likita ba ne, kuku ne. Shi ke tuƙa tuwon majinyata, shi ke rabawa, shi ke kwashe kwanuka. Bawan Allah ne marar yawan magana, irin wanda za ka wuce shi sau goma ba ka san ka wuce mutum ba.

To, ku saurara, jama'a. Wata rana aka kawo wani saurayi mai suna Nafi'u, ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa ta cikin riga. Tun yana ƙarami daban yake: ba ya kallon idon mutum, hayaniya na sa shi toshe kunne, in aka sauya masa abin da ya saba sai duniya ta yi masa zafi. Yau likitoci na kiran wannan galahanga, amma a lokacin cewa ake iska ce. Uwarsa kaɗai ta san yadda yake cin abinci. Da ta rasu, sai Nafi'u ya rufe baki. Baffansa, Alhaji Maikano, ya kawo shi, likita ya ce in bai ci ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Asibitin na da tsarinsa ga masu ƙin abinci: a zaunar da su teburi ɗaya, a cika kwano, ma'aikaciya ta tsaya a kansu, ba tashi sai an cinye. Wasu ya yi musu amfani. Nafi'u kuwa sai ya toshe kunne. Ga dangi, kowa da langarsa, wannan farfesu, wancan dambu, a kewaye gadon ana, "Ci mana! Daure!" So ne, wallahi so ne. Amma yaro kullum ƙara ƙarewa yake.

Haladu, da yake shi ke kwashe kwanuka, sai ya lura da wani abu. Kullum kwanon Nafi'u na dawowa cike, amma can gefen malmalar, inda miya ba ta kai ba, an ɗan gutsura. Yau haka, gobe haka. Ran nan ya je ya zauna gefensa, bai fuskance shi ba, ya ce a hankali, "Nafi'u, miyar ce?"

Har Haladu ya fid da rai, sai ya ji an ce, "Ta taɓa shi."

"In ba ta taɓa ba fa?"

"Inna ba ta bari ta taɓa."

Kashegari Haladu ya shimfiɗa tabarma a bayan kicin, inda babu kowa. Ya ajiye tuwo gaya a farin kwano, miya a nata ɗan kwanon can nesa, ya juya yana tsintar shinkafarsa. Nafi'u ya yi loma biyar. Loma biyar, jama'a, bayan wata uku! Daga nan kullum lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kwano ɗaya, kuma tun yau Haladu zai gaya masa abin da za a ci gobe. Kowace rana ya ɗan matso da kwanon miyar. Ran kwana na goma sha takwas, Nafi'u ya tsoma yatsa ɗaya ya lasa. Haladu ya shiga kicin ya share hawaye.

A nan jarrabawa ta zo. Alhaji Maikano ya zo dubiya, ya tarar da ɗan ɗan'uwansa a bayan kicin da gayan tuwo a gaba. Kun san mu da gaya, abin kunya ne a wurinmu. Ya daka tsawa: "Kai! Maraya za ka ba gaya a bayan gida? Naman miyar ina kake kai shi?"

Haladu ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, haka yake iya ci."

"Kai ne likitan?"

Ya shara masa mari. Aka kai ƙara, aka ce kuku ya karya doka, aka sallame shi. Bai rama ba, bai zagi kowa ba. Abu ɗaya ya roƙa yana fita: "Don Allah, kada miyar ta taɓa." Aka yi masa dariya.

Aka mayar da Nafi'u teburi. Kwana tara bai sa komai a baki ba. Aka gwada ba shi abinci da tiyo ta hanci, ya fizge. Sai da likita ya duba awon nauyinsa, ya ga kwanakin bayan kicin ne kaɗai ya taɓa ƙaruwa, sannan aka aika a kira Haladu. Ya zo da gudu, bai ce "ai na faɗa" ba, ya ɗora tukunya. Nafi'u ya ga farin kwanon ya ce, "Ka daɗe." Ya yi loma biyu da ƙyar. Amma jiki ya riga ya gaji. Kwana uku da dawowar Haladu, bayan la'asar, Allah ya karɓi abinsa.

A wurin zaman makoki Alhaji Maikano ya riƙe hannun Haladu yana kuka, yana neman gafara. Haladu ya ce, "Na yafe tun ranar, Alhaji. Ni ma da ban kwashe kwanonsa ba, da ban sani ba." Tun daga nan, in aka kawo mai ƙin abinci, likitan nan sai ya fara tambaya: me ke hana ka, kuma yaya kake iya ci?

Jama'a, ba mugunta ce ta kashe Nafi'u ba. Masu sonsa ne suka so shi yadda su suke so, ba yadda shi zai iya ɗauka ba. Magani ɗaya ba ya yi wa kowa, kuma gaskiya ba ta raina bakin da za ta fito, ko na kuku ne. A gidajenku akwai wanda kuke ce wa mai taurin kai, mai tsirfa, mai iska. Ku kai shi asibiti, ku gaya wa likita abin da kuka lura da shi. Amma kafin ku ce masa "ci mana," ku zauna gefensa, ku rage murya, ku tambaye shi, ku jira amsa ko za ta daɗe. Ku yi yau, tun yana da ƙarfin amsa muku. Allah ya jiƙan Nafi'u, ya ba mu haƙurin Haladu.