Mutumin da Ya Koya wa Ma'aikatansa Shiru

An yi wani mutum a nan Tamale, mai sayen ƙwarar kaɗanya. Sitonsa yana unguwar Kaladan, mutum goma sha huɗu ke ci a ƙarƙashinsa. Ba ya tauye mudu, ba ya rasa sahun farko a masallaci. Laifinsa ɗaya ne: ya tsani duk wanda ya kawo masa labari mara daɗi.

Kowace Litinin yakan tara ma'aikata, wai shawara yake nema. Alhali tun daga gida ya gama yanke hukunci. Abin da yake so kawai a rusuna a ce masa "Naa," yadda ake amsa gaisuwa.

Wata damina wani kamfani a Tema ya yi alkawarin kwashe masa kaya. Sai mutumin ya ƙudurta zai riga kowa cika sito. Ya ce duk ƙwarar da matan ƙauye suka kawo a saye, a ɗinke buhu nan take.

Akwai wata dattijuwa, Mma Maltiti, shekara ashirin tana tantance masa ƙwara. Ta ɗauki ɗaya ta ciza.

"Alhaji, wannan ba ta bushe ba. A shanya ta ko kwana huɗu."

Ya yi dariya a gaban kowa. "Mma, haƙori nawa ya rage miki da za ki gwada min kaya?"

"Waɗanda suka rage sun fi kunnenka aiki, ɗana."

Ranar ya sallame ta.

Kowa ya gani, kowa ya ɗauki darasi. Imoru mai kula da sito shi ya fara jin wari. Ya taɓa buhu, ya ji ɗumi. Ya tuna 'ya'yansa biyar, ya ja bakinsa. Kullum Alhaji ya tambayi lafiyar kaya, sai a ce masa lafiya lau, ya tafi yana jin daɗin iya mulkinsa.

Ranar da motar Tema ta zo aka farke buhu na farko. Baƙi ƙirin, funfuna ta cinye. Aka farke na biyu, aka farke na arba'in, duk haka suke. Mota ta juya ba kaya. Labari ya zaga kasuwa, ba wanda ya sake yarda da buhunsa. Kafin kaka an rufe sito.

Alhaji ya cafki rigar Imoru. "Me ya hana ku faɗa min?"

"An faɗa maka, Alhaji. Wadda ta faɗa maka tana unguwar Gumbihini tana sayar da koko."

Ya 'yan uwa, laifin wa ne? Imoru zai amsa nasa, don ɓoye ɓarna cin amana ne. Amma wa ya mayar da gaskiya abin da ke raba mutum da abincinsa? Shawara umarnin Allah ce, ba ado ba ce. Shugaban da ya hukunta mai faɗa masa gaskiya sau ɗaya, ƙarya zai yi ta ji har ya faɗi.

Kai mai shago, kai mai gareji, yau ka nemi wanda ya fi ba ka haushi cikin mutanenka. Ka tambaye shi, ka yi shiru har ya gama.

Allah ya kiyaye mu daga kunnen da yabo kaɗai ke shigarsa, ya bar mana masu iya ce mana a'a. Amin.