Ragon Malam Barau da Layin da Ya Cushe

Ku gyara zama, yau sai kun raba mini gardama.

A wani asibitin karkara aka kwantar da Malam Barau, manomin albasa, hanjinsa ya murɗe. Likitan sabon hannu ne, wata ƙwararriya ce daga birni take nuna masa aikin ta bidiyo. An buɗe ciki ke nan sai hoto ya daskare, murya ta ɗauke.

'Yarsa Lantana ce mai lura da akwatin da ke rarraba intanet a asibitin, kowane ɗaki da ƙofarsa. Ta kasa zaune ta kasa tsaye, tsoro ya cika ta. Kowa na ɗora wa hadari laifi, ita kuwa ta bi ƙofofin a allo har ta ga wadda ke ambaliya. Ashe masu ɗaukar hoton ƙirji ne, sun saba tara aikin mako su turo shi gaba ɗaya ranar Alhamis, ga shi kuwa ranar Alhamis ce. Ta kai hannu za ta fizge wayarsu.

Ƙasimu, masanin yadda saƙonni ke bin layi a cikin akwatin, ya tare ta. "Kada ki cire, sakamakon jinin babanki ta nan zai biyo." Ya duba, ya ga bidiyon tiyata na tsaye a bayan hotuna kamar mai jiran famfo, guntun bidiyon da ya zo a makare kuma zubar da shi ake yi. Ya tsara wa bidiyon layinsa daban, amma ba shi da ikon ɗora tsarin.

Ikon yana hannun Ɗanlami, mai riƙe da babbar kwamfutar da ke ba irin waɗannan akwatunan umarni, ga shi ya tafi suna. Doka ta hana taɓa ta sai shugabansu ya yarda, shugaba kuma wayarsa a kashe. Da aka kira Ɗanlami, sai ya ajiye kwanon shinkafa, ya tura umarnin daga wayarsa, ya san aikinsa na iya tafiya. Hoto ya dawo, aka ɗinke Barau.

Da ya warke ya jawo rago guda, ya ce na wanda ya ceci ransa ne, ba a rabawa. Lantana ta so a ce ita ce, sai ta tuna wayar da ta kusa fizgewa, ta fasa.

Kada wani ya ce mini likitoci, an sallame su da albasa. To, tsakanin wadda ta gano cutar, da wanda ya san maganin, da wanda ya sa wuyansa, wa zai ja ragon nan gida?