Akuya da Kududdufin Marigayi Bunsuru

An yi wata Akuya a bayan gari, mijinta Bunsuru ya rasu ya bar mata lambu. A cikinsa akwai kuɓewa da yakuwa da barkono, a tsakiya kuma akwai bishiyar lemun tsami wadda marigayin ya dasa shekarar da ya auro ta. Ranar da ta fita takaba, a gindin bishiyar nan ta tsaya ta yi rantsuwa cewa muddin tana numfashi ganyenta ba zai bushe ba.

Akuya mace ce mai ji da kanta, ga tsananin ciniki. Ba ta roƙon kowa, ba ta kuma barin ko ƙwayar dusa ta suɓuce mata a banza. A nan dai ba a ga laifinta ba, don wadda ba ta da miji, in ba ta riƙe nata da haƙori ba, da rana tsaka za a cinye ta.

A ƙasan lambun, inda wuri ya yi kwari, akwai wani tsohon kududdufi. Bunsuru ne ya haƙa shi, don duk ruwan da ya gangaro daga tudu ya sami wurin zama. Kowace bazara yakan kira gayya a yashe shi, a kwashe baƙin taɓo, shi kuma ya ciyar da masu aiki har su ƙoshi. Tun da ya rasu Akuya ta ce gayya cin banza ce, ba za ta tara ƙattai su cinye mata rumbu ba.

Taɓo ya yi ta taruwa, ganye na faɗawa yana ruɓewa. Ruwan ya koma kore, ya soma wari. Masu zuwa sayen yakuwa sai su tsaya daga bakin shinge suna toshe hanci. Wannan ya ƙona wa Akuya rai ƙwarai.

A cikin kududdufin akwai wani tsohon Kwaɗo, abokin marigayi, wanda ba ya iya ɓoye gaskiya ko da ba ta da daɗi. Wata safiya Akuya ta zo ta tsaya a kansa.

"Malam Kwaɗo, tattara naka ya naka. Cike ramin nan zan yi, in shuka kuɓewa a kansa."

"Matar abokina, wurinki ne, ki yi yadda kika so," in ji Kwaɗo. "Ni fadama ba ta yi mini nisa ba. Amma kafin ki zuba ƙasa, ki fara yanka wa ruwa hanya ta bi gefen shinge ta faɗa rafi. Ki sa a kwashe taɓon nan, a shimfiɗa duwatsu a ƙasa, sannan marmara ta biyo baya."

"Ji mini mai ido a ka! Ɗakinka kake karewa, shi ya sa kake jibga mini aiki don in fasa."

"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ruwan nan tun kafin a haife ki yake zuwa nan. In ya zo ya tarar an rufe masa ƙofa, ba komawa tudu zai yi ba."

"To ya kwana a waje," in ji Akuya. Ta juya ta yi tafiyarta.

Ta aika aka kira Jaki, wanda sana'arsa ɗaukar ƙasa a mangala. Shi Jaki ba ruwansa da kyan aiki ko muninsa, gwargwadon abin da aka ba shi gwargwadon abin da zai yi. Ya zo ya zagaya kududdufin yana shinshinawa.

"Inna, warin nan ne ya dame ki? Ke da kika zauna da Bunsuru shekara da shekaru?"

"Kama bakinka! Allah ya ji ƙansa, warinsa ya fi ƙamshinka. Faɗi abin da za ka karɓa."

Jaki ya ce in marmara take so daga gindin dutse, da haƙar hanyar ruwa, to sai ta ba shi rabin dusar da ke rumbunta, ta haɗa da harawa.

"Rabin rumbu? Uwarka ce ta sussuka mini?"

Aka shiga ciniki. Ta ce hanyar ruwa a cire ta, ba ta bukata. Ya rage. Ta ce taɓo a bar shi inda yake, ai shi ma cikawa ne. Ya ƙara ragewa. Ta ce har yanzu da tsada. Tun hantsi suke abu ɗaya har rana ta take, Jaki ya gaji, kunnuwansa suka kwanta.

"Inna, a wannan 'yar dusar ba zan taka gindin dutse ba. Sai dai in kwaso miki juji daga bayan gari, ga shi nan kusa."

"Juji ba ƙasa ba ce? Kwaso!"

Jaki ya yi ta jido shara yana zubawa, da tsumma, da ɓawon rogo, da toka, da kashin kaji, da duk abin da gari ya zubar. Da rami ya cika sai ya yafa jan yashi a sama, wuri ya yi sumul kamar tsakar gidan amarya. Kwaɗo ya fito da ƙyar, ya tsaya ya dubi bishiyar lemun nan ya daɗe, sannan ya kama hanyar fadama.

Akuya kuwa har kasuwa ta riƙa ba da labari. "Aikin rabin rumbu na yi shi da abin da bai kai cikin ƙwarya ba. A zo a koyi ciniki a wurina."

Ruwan farko ya sauka, ta shuka kuɓewa a sabon wurin. Kafin ta tsiro da kyau sai ƙasa ta soma lotsawa. In ta taka sai ta ji wurin yana numfashi a ƙarƙashin kofatonta, wani wari na tasowa wanda ya ninka na da. Ta ɗebo yashi ta ƙara, ta ce wa kanta zai wuce.

Sai marka ta kama. Wata rana da azahar hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan tudu ya gangaro ta hanyarsa ta kullum, ya iso kwari bai sami ramin ba. Ya tono jujin nan, ya gauraya da tsohon taɓo, ya bazu cikin lambu baƙi ƙirin. Da ya kai gindin lemu sai ya kwanta.

Aka ɗauke ruwan sama, na ƙasa bai tafi ba. Kuɓewa ta ruɓe, barkono ya zube, sauro ya yi gida. Masu sayen yakuwa ko bakin shingen ma suka daina zuwa. Duk wannan Akuya ta daure. Amma ranar da ta ɗaga kai ta ga ganyen lemu ya soma yin rawaya, sai ta tuna rantsuwarta.

Ta ruga wurin Jaki. "Zo ka haƙa hanyar ruwan nan. Rabin rumbun da ka ce, na ba ka."

"Wancan cinikin bazara ne, Inna. Yanzu ko rumbun duka kika ba ni ba zan sa ƙafata cikin ƙazantar nan ba."

"Kai ne fa ka zuba ta!"

"Ke kika saya."

Akuya ta daɗe a tsaye a bakin hanya. Ba ta taɓa zuwa ƙofar wani da bukata ba. Daga baya ta sunkuyar da kai ta nufi fadama, ta sami Kwaɗo a kan wani ganyen bado.

"Malam Kwaɗo, bishiyar abokinka tana mutuwa."

Kwaɗo bai tuna mata da maganar da ta gaya masa ba. Ya biyo ta, ya shiga baƙin ruwan nan, ya nuna mata inda ƙasa ta karkata zuwa rafi. "Daga nan za ki fara. Amma ba zan ruɗe ki ba, saiwar lemu ba ta jure kwana cikin ruwa. Mun makara, sai dai ikon Allah."

Akuya ta haƙa da kofatonta, ta haƙa da ƙahonta, cikin wari da sauro, ba gayya ba mataimaki. Kofatonta ya tsage, gashinta ya zube. Ranar da hanyar ta kai rafi, baƙin ruwan ya bi ta yana gudu kamar dama jira yake a nuna masa ƙofa. Lambu ya tsane.

Ta je gindin lemu ta kama reshe ɗaya da baki. Ya karye ƙaras, cikinsa a bushe. Ta kama wani, shi ma haka.

Tana nan tsaye sai ga Jaki ya leƙo ta kan shinge. "Inna, itacen nan ya bushe, zai yi kyau a murhu. Yi mini farashi, in sare."

Akuya, wadda ba a taɓa taya mata kaya ta yi shiru ba, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kwanta a gindin busasshiyar bishiyar, ta ɗora haɓarta a kan saiwa.

Darasin wannan labari shi ne, yara, ciniki ba laifi ba ne, kuma kada ku bari kowa ya cuce ku. Amma ku san abin da ake ragewa da abin da ba a ragewa. Wanda zai rufe wa ruwa gida, ya fara buɗe masa hanya, kuma ƙazantar da aka lulluɓe da yashi tana nan tana jiran damina. Akuya ta ci cinikin dusa, ta biya da abin da ba a sayarwa a kasuwa.