Alhaji Junaidu Ba Ya Ɗaukar Baƙuwar Lamba

Akwai wani manomin albasa a Birnin Konni, Alhaji Junaidu, wanda Allah ya buɗa wa a 'yan shekarun nan. Ba mugu ba ne. Sai dai tun da albasarsa ta fara cika babbar mota, ya kafa wa kansa doka: ba ya ɗaukar kiran lambar da bai sani ba. A ganinsa baƙuwar lamba ɗayan biyu ce, ko ɗan damfara ko ɗan'uwa, kuma ƙarshen zancensu ɗaya ne.

Injin ban-ruwansa ma da gangan ya sayi wanda babu mai irinsa a duk fadamar. Ranar da fankar cikinsa ta karye ne ya gane cewa abin da babu mai irinsa, babu mai sayar da kayan gyaransa. Ya zagaye Konni, ya tsallaka iyaka, bai samu ba. Ga albasa ta fara yin kai, lokacin da ba ta haƙuri da ƙishirwa.

Ƙanensa Zubairu ne ya samo fankar a Maraɗi. Ya sa ta cikin tsohon kwalin taliya, ya ɗaure, ya rubuta lambar wayar Alhaji a gefe. Suna kuwa bai ga amfanin sawa ba, tunda a tunaninsa kowa ya san yayansa.

"Yaya, na ba wani direba, Rabo, mai farar mota," in ji shi. "In ya iso zai kira ka."

Alhaji ya ce to. Bai nemi lambar Rabo ba. Ai mai kawo saƙo ke neman mai saƙo.

Aka wuni, aka kwana, shiru. Ganyen albasa ya fara sunkuyar da kai. Alhaji ya nufi tasha, ya tsaya a bakin buron sandikan direbobi, wato ofishin ƙungiyarsu, bai ko shiga ba.

"Ina wani Rabo?"

Malam Yusha'u, shugaban sandika, ya ce Rabo ya wuce Tawa da fasinja.

"Ya bar min ƙarfen inji?"

"Ba mu ga ƙarfe ba, Alhaji. Kwalaye dai ga su nan jibge, waɗanda masu su ba su zo ba. Shigo ka duba."

"Ni zan tona shara?" Ya juya abinsa.

Kafin ya isa garka ya riga ya yanke hukunci. Ya ɗauki muryarsa ya tura cikin gurup ɗin manoman albasa: a yi hattara da direba Rabo mai farar mota, yana cinye saƙon mutane. Maganar ta yi ƙafa. Kafin la'asar an ji ta Malbaza, an ji ta Illela. Har waɗanda ba su taɓa ganin Rabo ba suka tuna cewa dama sun lura idonsa bai kwanta musu ba.

Da Rabo ya dawo, ya tarar an cire motarsa daga layin lodi sai an yi zama. Mutum ne mai iyali, abin da motar ta samo da rana shi ake dafawa da dare.

Aka taru a buro. Kujera ɗaya ce mai kyau, aka ba Alhaji. Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ɗora ta kan wani kwali don ta huta.

"Alhaji, wallahi na kira ka har kunnena ya yi zafi," in ji Rabo. "Da farko tana shiga, ba ka ɗauka. Daga baya ta daina shiga."

"Ƙarya kake! Wayag ga ba ta barin hannuna."

Malam Yusha'u ya ce, "Wanga abu ba ya son gardama. Aje wayarka bisa tebur, Alhaji. Rabo, kira shi."

Rabo ya kira. Kowa ya zuba wa wayar ido. Ko motsi ba ta yi ba.

A cikin shirun nan ne Alhaji ya tuna. Ranar da ake jiran saƙon, yana cin tuwon rana, wata lamba ta dame shi da kira. Ya ce wannan mai naci ba da alheri ya zo ba, ya sa yatsa ya toshe ta. Har ya yaba wa kansa.

Ya gyara zaman hularsa. Ya yi gyaran murya, ya ɗora laifin kan layin sadarwa.

"Rezo ne. Kun san rezon garin ga."

Malam Yusha'u ya juya wajen Rabo. Ya karɓi lambar, ya kira da tasa wayar. Nan take wayar Alhaji ta ɗau ƙara, da ƙarfinta, kamar dama jira take.

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi ma, da ya fi masa sauƙi.

"To... ina kayan?" Muryar ta fito 'yar siririya.

Rabo ya dubi ƙasa. "Ɗaga ƙafarka, Alhaji."

Kwalin taliya ne. Ga lambarsa a gefe da rubutun Zubairu, ga sawun takalminsa a sama. Tun ranar farko yake nan, cikin sharar da ya ƙi tonawa.

Alhaji ya ce a yi haƙuri, kuskure ne, ya fara laluben aljihu. Rabo ya girgiza kai.

"Bar shi. Inda ka faɗi waccan, nan za ka faɗi wagga."

A gaban kowa ya ɗauki muryarsa yana janye maganar. Sai da ya sake, don ta farko ko shi bai ji abin da ya ce ba. Ya tura. Saƙon zargi ya kai Illela cikin wuni guda. Na ban-haƙuri kuwa da ƙyar ya fita unguwa, ga alama ba shi da ƙafa irin ta wancan.

Inji ya tashi, amma fangalan da ke can ƙarshen garka sun riga sun tafi. Rabo ya koma layi, sai dai an daɗe wasu na riƙe saƙonsu su jira motar gaba. Wannan ya fi ci wa Alhaji rai fiye da albasar. Shi ya sa duk ranar da yake da saƙo, da kansa yake kai wa Rabo, a tsakiyar tasha, inda kowa zai gani.

Wata rana ya leƙa wayar Rabo, ya ga sunan da aka ajiye lambarsa da shi: Alhaji Ba Ya Ɗauka.

Bai nemi a canza ba.

Darasi: Yawancin saƙon da ake cewa ya ɓata yana nan zaune yana jiran mai shi. Mai aikawa, rubuta suna da gari da lamba, ka ɗauki hoton kwalin. Mai karɓa, nemi lambar direba, kuma ranar da kake jiran saƙo ka ɗauki kowane kira. In ka ji shiru, shiga buro ka duba da idonka kafin ka kira wani ɓarawo, domin ana samo kwali, amma sunan mutum ba ya dawowa duka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda kuka san ba za su ɗauka ba in kun kira.