Tsagar Bangon Ɗakin Mama

Akwai wani saurayi da duk gidansu ke kira Auta, wanda ya yi shekaru yana yawon neman abin kansa. Ranar da ya dawo, sai da ya wuce ƙofar gidansu sannan ya komo da baya, don bai gane gidan ba.

An sare bishiyar ƙofar gida. An canza get. Gidan ƙasa da marigayi Baba ya gina ya zama bene. Tsakar gida an shafe ta da tayil mai santsi, har magudanar ruwan da Baba ke yashewa da hannunsa a bayan bango an toshe ta. Mama kuma an ɗauke ta daga ɗakinta, an mayar da ita ɗakin baya da ke jikin falo, inda a da ake ajiye buhuna.

Abu ɗaya ne bai canza ba, bakin Yaya, babban wansa da ya gina benen.

"A'a, ɗan yawo an dawo? Ƙafar ce ta gaji ko duniyar ce ta ƙare? Wannan 'yar jakar ce duk abin da ka samo?"

Auta ya yi murmushin yaƙe. Wannan bakin ne ya kore shi tun farko. A wani babban hutu, dangi sun cika gida, Yaya ya miƙa masa faranti ya ce ya je bakin get ya ci, falo na masu amfani ne. Aka yi dariya. Washegari Auta ya bar gari, kuma dariyar nan ba ta taɓa barin kunnensa ba.

Yanzu ma hutun ne ya ƙarato. Yaya ya gayyaci dangi kaf, har da surukansa, su zo su kwana su ga bene.

Da safe Auta ya tarar da kafinta a durƙushe yana fere ƙasan ƙofar falo.

"Me ya same ta?"

"Cijewa take. Duk shekara sai an kira ni na rage ta. Saura kaɗan ta koma taga."

Yaya ya leƙo daga sama. "Katako ne ke kumbura. Yi aikinka, malam."

Auta ya tuna da Baba. Duk lokacin da hutu ya zo, kafin a gayyaci kowa, Baba kan zuba kofin ruwa a tsakiyar falo ya tsuguna yana kallo. In ruwan ya kwanta wuri ɗaya, sai ya ce, "To, a kira mutane." In ya gangara, alamar ruwa na cin gindin gida ke nan, sai ya ɗauki shebur ya zagaya baya ya yashe magudana.

Da falo ya zama ba kowa, Auta ya zuba kofi ɗaya. Ruwan ya miƙe kamar an aike shi, bai tsaya ba sai a kusurwar bangon baya, inda falo ya haɗu da ɗakin Mama.

Ya zagaya ta waje. Bututun banɗakin sama a gindin bangon yake zubarwa, ƙasar wurin ta jiƙe ta yi laushi. Fentin bangon sabo ne fil. Ya danna yatsa, yatsan ya shige. Tsaga ce tun daga taga har ƙasa, an cike ta da filasta an shafe.

Da yamma ya buɗe baki. "Yaya, bangon nan na baya..."

"Kai da ko akurkin kaji ba ka taɓa ginawa ba? Aikinka ranar taro shi ne takalman baƙi. Ka jera su da kyau."

Auta ya haɗiye sauran maganar. Wani abu mai daɗi da zafi ya ratsa masa ƙirji. A zuci ya hango tayil na fashewa a gaban surukai, ya hango fuskar Yaya.

"Shi ke nan, Yaya," ya ce a hankali. "Ai gara ma ka sa wasu su ci a sama, su sha kallo."

"Yau ka faɗi magana mai hankali."

Baƙi suka iso da jakunkuna da yara. Wanka daga asuba har hantsi, wanki, wanke-wanke, duk ruwan yana bin bututun nan zuwa gindin bango. Auta yana lura. Kullum sai ya zagaya ya duba, ya dawo yana fito.

Ranar babban cin abinci, da tsakar rana, sama ta cika, falo ya cika. Yaya na tsaye cikin rigarsa mai tsada yana nuna wa surukinsa fitilu, sai aka ji ƙara kamar an karya busasshen itace.

Tayil ya tashi a jere. Tukunyar miya ta zame daga kan tebur. Bango ya buɗe har ana hango hasken waje, filasta na zuba cikin shinkafa. Mata suka suri yara, aka yi kan ƙofa, ƙofar ta cije. Yaya ya ja, ya ja, hannun ƙofar ya biyo shi. Sai ta ƙofar kicin aka fita, ana ture juna.

Surukin ya karkaɗe farar ƙura daga kafaɗarsa, ya dubi Yaya. "A nan ka ajiye mini 'ya da jikoki?"

Auta na bakin get yana miƙa wa kowa takalminsa. "Ga naka, Kawu. A sauka lafiya." Tun da aka haife shi bai taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba.

Sai wata gwaggonsu ta waiwaya. "Ina Mama?"

Takalmin da ke hannunsa ya faɗi.

Ashe Mama ta shiga ɗakinta ta ɗan kishingiɗa ne, hayaniya ta ishe ta. Ƙofarta ma ta cije. Auta ya dinga dukan ta da kafaɗa har ta ɓalle. Rabin bangon na kan gado. Bulo biyu na kan ƙafar Mama, ita kuma tana salati ƙasa-ƙasa.

Duk kwanakin da ya yi yana zagaya tsagar, bai taɓa tambayar kansa wa ke kwana a bayanta ba.

Aka ɗaure ƙafar a asibiti, aka kai Mama gidan ƙanwarta. Matar Yaya ta bi mahaifinta da yara. Benen ya zama kango, an tokare shi da katakai, masu wucewa na nunawa da baki. Yaya ko ido ba ya iya haɗawa da mutane. Duk abin da Auta ya yi fata ya samu, har da ƙari.

Ya je gaida Mama, ya zauna a ƙasa kusa da sandar da take dogarawa.

"Auta," ta ce, "ta taga na gan ka ranar da ka sa yatsa a bangon. Na ce alhamdulillahi, ɗan Baba ya dawo, zai yi magana. Yayanka ya rufe tsagar da fenti. Kai da me ka rufe ta?"

Ta gyara ɗaurarriyar ƙafarta, ta ci gaba.

"Na san ƙafarka na ƙaiƙayi. Ka tafi in za ka tafi. Amma wannan karon kada ka ce wa kowa bakin yayanka ne ya kore ka."

Ya koma ɗakin da aka sauke shi a gidan, ya jawo 'yar jakarsa, ya fara ninke riguna. Ta jikin bango yana jin ƙarar sandar Mama, ƙwas, ƙwas, tana lallaɓawa zuwa alwala.

Darasi: Girman kai yana shafe tsaga da fenti, ramuwa tana shafe ta da shiru, kuma bangon kan wanda bai ji ba bai gani ba yake faɗawa. In ka ga haɗari a gidanku ka faɗa, ko da wanda ya ɓata maka ne zai tsira. Ku tura wa 'yan'uwa kafin a taru a hutu mai zuwa.