Saƙar Gizo-Gizo a Ƙofar Dannin

Akwai wani mutum, manomi, da gidansa ke jikin gidan wansa. Danni ɗaya ya raba su, da wata 'yar ƙofa a tsakiya, inda ake miƙa tuwo da gaisuwa. Da farkon damina akuyar wan ta ci masa wake, suka faɗa wa juna magana mai zafi. Daga ranar ba wanda ya ƙara bin ƙofar.

Wata safiya mutumin ya ga gizo-gizo yana aiki a wurin. Ya ja zare ɗaya daga wannan itacen ƙofar zuwa wancan, ya fitar da waɗansu daga tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke, sa'an nan ya bi su yana kewayawa a hankali. Raɓa ta sauka a kai, saƙar tana walƙiya. Mutumin ya riƙa ɗaukar kujerarsa kowace safiya yana kallo. Inda iska ta yaga, washegari an gyara.

Wata rana matarsa ta ce, "Maigida, tarin nan da Yaya ke yi ya canza fa. Ko ka leƙa?"

Ya ce, "Ke dai dubi wannan aiki. In na bi nan ai na ɓata masa. Zan kewaya ta waje gobe."

Goben ba ta zo ba har dawa ta fid da kai. Ran nan da hantsi sai kuka ya tashi a bayan dannin. Mutumin ya ruga ta ƙofar. Saƙar ta manne masa a fuska, ya share ta da hannu ɗaya, bai ji nauyin komai ba. Ya tarar an riga an rufe wansa da mayafi.

Ma'anar wannan misali ita ce: gizo-gizo bai rufe ƙofar ba. Ya sami inda ba mai wucewa ne, ya yi saƙarsa. Haka fushi yake yi a zuciyar da ta daina gafartawa. Kullum yana ƙara zare, yana gyara inda ya yage, har mu zauna muna sha'awar hujjojinmu. Allah ya gafarta mana abin da ya fi cin wake nesa ba kusa ba, amma bai yi wa kowa alkawarin gobe ba.

'Yan'uwa, kowannenmu ya san ƙofar da ya daina bi. Hannu ɗaya ya isa ya share saƙar. Ku share ta tun akwai mai amsa sallama a ciki.